Komawa Ƙaramin Ɗaki Ɗaya: Yadda Za Ka Auna, Ka Yi Lissafi, Kafin Ka Ɗaure Kaya

Mutane da dama sukan yanke shawarar barin gida mai ɗakuna biyu ko uku su koma ɗaki ɗaya tilo, irin wanda wurin kwana da wurin zama da kusurwar girki duk suke cikin fili guda, banɗaki kaɗai ke da ƙofarsa. Wani haya ce ta yi masa nauyi, wani 'ya'ya ne suka girma suka watse, wani kuma aiki ne ya kai shi tsakiyar birni, inda kowane taku na ƙasa yake da tsada. Niyyar mai kyau ce, kuma na sha ganin ta sauke wa mutum kayan da ya daɗe yana ɗauke da su. Amma na kuma ga waɗanda suka tashi da murnar za su rage kashe kuɗi, sai bayan wata shida suka tarar aljihunsu bai san an sauya gida ba, ga matsi kuma sun ƙara wa kansu. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi ne wasu sun riƙe tef ɗin awo da takardar lissafi tun kafin su ga ɗakin, wasu kuwa sai da suka karɓi makulli sannan suka fara tunani. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka ba kanka aƙalla mako takwas zuwa goma sha biyu kafin ranar tashi.

Lissafin da ke nuna ko tashin zai amfane ka

Ka fara da gidan da kake ciki yanzu. Ka tattara rasit da bayanan banki na wata uku da suka wuce, ka rubuta duk abin da zama a gidan yake ci maka a wata: haya, wutar lantarki, ruwa, gas, intanet, kwasar shara, gyare-gyare, da kuɗin zirga-zirga daga gida zuwa wurin aiki. Idan shekara-shekara ake biyan haya a inda kake, ka raba ta gida 12 domin komai ya koma ma'auni ɗaya. Kada ka dogara da abin da kake tunawa, domin zuciya takan riƙe babban kuɗi ta manta ƙananan da ke fita kullum, alhali su ne suke taruwa su zama tudu.

Daga nan sai ka yi irin wannan jerin ga ɗakin da kake hari, kuma a nan ne ake buƙatar gaskiya da kai. Haya za ta ragu, wuta da ruwa ma mai yiwuwa su ragu, amma ƙaramin ɗaki yana zuwa da nasa kashe-kashen da babban gida bai san su ba. Idan babu wurin injin wanki ko wurin shanya, wanki zai koma waje, kuma biya ake yi. Idan firjin ƙarami ne kuma babu sito, sayen kayan masarufi da yawa a lokaci ɗaya, wanda shi ne yake kawo rangwame, zai gagara, sai dai ka riƙa saye kaɗan-kaɗan a kan farashi mafi tsada. Idan kusurwar girkin ta yi matsi har girki ya zama wahala, za ka sami kanka kana cin abinci a waje fiye da yadda ka saba. Wurin ajiye mota ma a gine-gine da yawa kuɗinsa daban ne. Duk waɗannan sai sun shiga takarda kafin ka ce ka san ribar tashin.

Akwai ma'aunin da aka saba ambatawa, wai kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Yana da kyau a san asalinsa domin a san iyakarsa. A Amurka aka faro shi: a 1969 wata doka da ke ɗauke da sunan Sanata Edward Brooke ta ƙayyade cewa masu zama a gidajen gwamnati ba za su biya fiye da kashi 25 na samunsu ba, sannan a 1981 aka ɗaga adadin zuwa kashi 30. Wato an tsara shi ne domin wata manufa a wata ƙasa, daga baya ya bazu ya zama shawarar da kowa ke bayarwa. Ina ganin amfaninsa a matsayin ƙararrawar gargaɗi, amma ban yarda a ɗauke shi hukunci ba. Mai ƙaramin albashi da bashi a wuyansa kashi 30 ma zai iya shaƙe shi, wanda kuwa ɗakin zai kusantar da shi wurin aiki har ya daina biyan kuɗin mota zai iya wuce 30 kaɗan kuma ya fita da riba. Ka yi lissafin a kan kuɗin da ke shigowa hannunka bayan an cire haraji, kuma ka haɗa haya da kuɗin zirga-zirga wuri ɗaya, domin sau da yawa abin da aka rage a ɗaya yakan ɓullo a ɗayan.

Yanzu sai kuɗin da za a kashe sau ɗaya, wanda shi ne mutane suka fi rainawa. Akwai kuɗin ajiya da mai gida zai riƙe saboda ɓarna, akwai la'adar dillali idan ta hannunsa ka samu ɗakin, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya a wasu wurare, akwai motar kwasar kaya da 'yan dako, kwalaye da igiya, gyara da fentin tsohon gida kafin ka miƙa shi, haɗa wuta da intanet a sabo, da kuma kayan ɗakin da dole ka sauya saboda na da ba za su shiga ba. Akwai kuma kwanakin da za ka biya haya biyu a lokaci guda, idan wa'adin tsohon gida bai ƙare ba ka riga ka karɓi sabon. Kada ka sa kuɗin ajiyar tsohon gida cikin abin da za ka biya na sabo da shi, domin yawanci sai bayan ka fita an duba gidan sannan a mayar maka, wani lokaci ma a cire wani abu. Bayan ka tara jimillar, ka ƙara kashi 10 zuwa 15 a kai saboda abin da ba ka hango ba.

Idan lambobin nan biyu suka samu, sai ka raba kuɗin tashin da abin da za ka rage kowane wata, amsar ita ce yawan watannin da za ka yi kafin ka fanshe abin da ka kashe. Bari mu ɗauki misali ba tare da sunan wani kuɗi ba. A ce samunka a wata 100 ne, hayarka ta yanzu 40, ta sabon ɗaki 28, wuta da ruwa kuma za su sauka daga 8 zuwa 6. Ragin da ka samu 14 ke nan a wata. Idan tashin gaba ɗaya zai ci 84, cikin wata 6 ka fanshe, duk abin da ya biyo baya riba ce. To amma a ce ka kasa rabuwa da wasu kaya, ka kama hayar sito kana biyan 5 a wata. Ragin ya koma 9, kuma sai ka haura wata 9 kafin ka dawo inda ka faro. Idan aka ƙara wankin waje da yawan cin abinci a waje suka cinye wani 4, ragin ya zama 5 kacal, fansar kuma ta kusa kai wata 17. Wanda yake shirin zama shekara ɗaya tak a irin wannan yanayi asara zai tafka, ko da kuwa hayar da aka rubuta a takarda ta fi ta da araha nesa ba kusa ba. Wannan rabawa guda ɗaya ta fi duk wata shawara da zan iya ba ka muhimmanci, kuma ba ta ɗaukar minti goma.

Kada kuma tashin ya cinye ajiyar da ka tanada domin larura. Shawarar da masu harkar kuɗi suka saba bayarwa ita ce mutum ya riƙe abin da zai ishe shi zama na wata uku zuwa shida ko da samu ya tsaya. Idan biyan kuɗin tashi zai bar ka hannu rabbana, gara ka jinkirta wata biyu ka tara, da ka ci bashi mai ruwa domin ka koma inda kake fatan rage kashewa.

Awon ɗaki da awon kaya

Kalmar “ƙarami” ba ta da ma'auni ɗaya a duniya. A Faransa dokar 2002 ta ce babban ɗakin da za a bayar haya ya kai aƙalla murabba'in mita 9 da tsayin rufi mita 2.20, ko kuma faɗi da tsawo da tsayinsa su ba da mita 20 idan an ninka su. A Ingila kuwa ma'aunin da gwamnati ta fitar a 2015 domin sababbin gidaje ya sa murabba'in mita 37 a matsayin mafi ƙanƙanta ga mutum ɗaya. A Tokiyo an taɓa gina wani dogon bene mai suna Nakagin a 1972, wanda Kisho Kurokawa ya zana, mai ɗakuna 140, kowanne kimanin murabba'in mita 10, kafin a rushe shi a 2022. Tazarar da ke tsakanin 9 da 37 ta isa ta nuna maka cewa idan an ce maka ɗaki ƙarami ne amma “ya wadatar”, ba a gaya maka komai ba tukuna. Gani ya kori ji, awo kuma ya fi gani, domin ɗakin da babu kaya a cikinsa kullum yakan yi wa ido girma.

Ka je da tef ɗin awo da takarda. Ka auna tsawo da faɗin kowane bango, tsayin rufi, faɗin taga da nisanta daga ƙasa, inda soket da makunnin wuta suke, da gefen da kowace ƙofa take buɗewa. Adadin da dillali ko mai gida zai faɗa maka yakan haɗa da banɗaki da lungun shiga, wani lokaci har da kaurin bango ko baranda, saboda haka abin da za ka iya shimfiɗa kaya a kai ya fi haka ƙanƙanta. Sannan ka auna hanyar da kayan za su bi: faɗin ƙofar shiga, kwanar matakala, da cikin lif idan ginin yana da shi. Na taɓa taya wani ɗan'uwa tashi, muka kai doguwar kujerarsa har hawa na biyu, kwanar matakala ta ƙi ba ta hanya. Dole aka sauko da ita, ya biya 'yan dako sau biyu, ya kuma sayar da ita a ranar a kan abin da aka taya, domin ba shi da inda zai kai ta. Awon minti biyu da ya raba shi da wannan asara.

Da ka dawo gida, ka zana ɗakin a takarda, kowace mita ɗaya ta zama santimita 5. Ka yanka ƙananan takardu a kan wannan ma'auni su wakilci gado, kabad, tebur da kujera, ka riƙa jujjuya su a kan zanen har ka ga tsarin da ya zauna. Wanda yake son ya ji abin a jikinsa sai ya shata girman sabon ɗakin da salatif a ƙasan falonsa na yanzu, ya gwada zama cikin shatin kwana biyu ko uku.

Ga yadda fili yake ƙarewa. A ce ɗakin murabba'in mita 20 ne. Banɗaki ya ɗauki 3, kusurwar girki 3, lungun shiga da wurin buɗe ƙofa 2, saura 12. Gado mai faɗin santimita 140 da tsawon 200 yana cin 2.8, amma mutum yana buƙatar hanyar wucewa ta aƙalla santimita 60 a gefe ɗaya da wajen ƙafa, wanda ya kai shi kusan 5. Kabad ɗin rataye tufafi zurfinsa santimita 60 ne, idan faɗinsa 120 ne kuma ƙofofinsa waje suke buɗewa, ya ci kusan 1.5. Ƙaramin tebur da wurin ja da kujera baya wani 1.5 ne. Abin da ya rage 4 ne kacal, kuma a cikinsa za ka tsaya, ka sa tufafi, ka karɓi baƙo. Doguwar kujera mai cin mutum uku, tare da wurin miƙe ƙafa, tana neman kusan 3 daga cikin wannan 4. Uku cikin ashirin kuwa kashi 15 ne cikin 100, ma'ana kusan kashi 15 na hayarka kowane wata kujerar kake biya wa. Ina so ka riƙe wannan hanyar tunani, domin ita ce za ta sauƙaƙa maka mataki na gaba: a ƙaramin ɗaki duk abin da ya taɓa ƙasa kai kake biya masa haya, sai ka tambayi kanka ko aikin da yake yi maka ya kai kuɗin.

Tun kana wurin awo, ka duba abubuwan da tef ba ya nunawa. Ka buɗe taga ka ga ko iska tana ratsawa, domin a ɗaki ɗaya tururin girki da na wanka da numfashin mai barci duk wuri guda suke taruwa, kuma inda danshi ya zauna fumfuna takan biyo baya ta ɓata bango da tufafi da ƙirjin mai ɗaki. Ka duba kusurwoyi da bayan ƙofa ko akwai baƙin tabo ko fentin da ya kumbura. Ka buɗe famfo ka ga ƙarfin ruwa. Ka koma da dare ka ji hayaniyar maƙwabta da ta titi, tunda ba ka da wani ɗakin da za ka gudu ciki. Maganar da ba zan sassauta ba ita ce ta wuta: kada a kunna gawayi ko janareta a cikin rufaffen ɗaki ko kusa da tagarsa, domin iskar da suke fitarwa mai suna kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. Mai girki da gas ya tabbata akwai taga ko na'urar zuƙe hayaƙi kusa da murhu, ya kuma sa kuɗin na'urar gano hayaƙi da ƙaramin tulun kashe gobara cikin kasafinsa.

Rabuwa da kaya

Nan ne aikin yake da zafi, kuma nan ne kasafi yakan karye. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tsaya gaban kayansa yana tambayar wanne zai fitar. Ka juya tambayar: ka ɗauka ɗakin babu komai, ka rubuta abin da zai shiga bisa zanen da ka yi, duk abin da bai sami gurbi a zanen ba ya riga ya fita, saura kawai a san ta wace hanya. Ka fara da manyan kaya, domin su ne suke cin fili kuma su ne suke daɗewa kafin a sami mai saye. Tufafi da kayan girki da takalma su biyo baya, da ma'auni mai sauƙi: abin da shekara guda ta zagayo, zafi da sanyi suka wuce ba ka taɓa shi ba, da wuya ka neme shi a shekara mai zuwa. Hotuna da wasiƙu da kayan gado ka bar su ƙarshe, lokacin da hannunka ya saba da saki, kuma ka ware musu akwati ɗaya mai iyaka, abin da ya shiga ya tsira.

Game da kuɗin da za ka samu daga sayar da kaya, ka rage buri tun da wuri. Masanin tattalin arziki Richard Thaler ya bayyana tun 1980 cewa mutum yakan ɗaga darajar abu don kawai nasa ne, kuma a wani gwaji da ya yi tare da Daniel Kahneman da Jack Knetsch, wanda aka buga a 1990, waɗanda aka ba kofin shan shayi kyauta sun nemi kusan ninki biyu na abin da masu saye suka yarda su biya. Haka za ka ji game da kujerunka da kabad ɗinka. Kai kana tuna abin da ka biya da kuma shekarun da kuka yi tare, mai saye kuwa tsohon kaya kawai yake gani, ga kuɗin ɗauka a kansa. Saboda haka ka duba farashin da irin kayan suke tafiya a kasuwar kayan hannu, ka rubuta rabin abin da kake fata a cikin kasafi, idan an samu fiye da haka ya zama ƙari. Ka fitar da su kasuwa mako shida kafin tashi, ka rage farashi duk mako, ka kuma sa ranar da duk abin da bai tafi ba za a bayar da shi kyauta ga mai buƙata. Wanda ya bari sai makon ƙarshe, masu saye za su gane a matse yake, su kuma taya yadda suka ga dama.

Hayar sito kuwa ina ba da shawarar a guje mata, sai fa idan komawar ta ɗan lokaci ce kuma ka san ranar da za ka kwashe kayan. Ka ninka kuɗin siton sau 12, ka kwatanta da abin da kayan za su yi idan an sayar da su yau. Sau da yawa kafin shekara ta cika ka biya fiye da darajarsu. Ajiye kaya a gidan 'yan'uwa ma ba kyauta ba ne kamar yadda ake zato, domin filinsu kake ci, kuma yakan zama sanadin ɓacin rai idan kwanaki suka miƙa. Idan dole ne, ku yi magana a fili a kan wa'adi. Takardu masu muhimmanci, irin su shaidar karatu da ta haihuwa da ta mallaka, ka ɗauki hotonsu ka adana a waya da wani wuri na biyu, na asalin kuma su zauna cikin jaka ɗaya da za ka riƙe a hannunka ranar tashi.

Sai batun sayen sababbin kaya. Akwai sha'awar da takan kama mai komawa ƙaramin ɗaki ta sayen duk wani abu mai naɗewa ko mai aiki biyu, kuma wasunsu suna da amfani ƙwarai. Gadon da ake ɗagawa ya shige bango, wanda ake kira da sunan William Murphy da ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a farkon ƙarni na 20, yana mayar maka da kusan murabba'in mita 3 da rana. Amma yana da tsada, sai an kafe shi a bango ko a ƙasa da izinin mai gida, kuma ba lallai ya dace da gidan da za ka koma nan gaba ba. Kujerar da ke zama gado ta fi araha, sai dai wanda zai kwana a kanta kowane dare ya gwada katifarta sosai, domin ciwon baya ya fi kuɗin da aka rage tsada. A ganina abin da ya fi biyan buƙata da kuɗi kaɗan shi ne gado mai aljihun ajiya a ƙarƙashinsa, kantoci a bango har kusa da rufi, maratayi a bayan ƙofa, da tebur mai naɗewa a jikin bango. Mai zama shi kaɗai ya yi tunanin gado mai faɗin santimita 90, wanda bai kai murabba'in mita 2 ba. In ban da abin kwanciya da abin girki da labule, kada ka sayi komai sai ka yi kwana 30 a ɗakin, domin sai ka zauna za ka san inda hannunka yake neman kanta da inda ƙafarka take tuntuɓe. Ka ware wa wannan sayayya adadi tun farko, ka ajiye shi gefe har lokacin ya yi.

Yarjejeniya da ranar tashi

Ka karanta takardar haya daga farko har ƙarshe kafin ka biya ko sisi. Ka nemi sanin abin da hayar ta ƙunsa da abin da za ka biya daban, ko mitar wuta da ta ruwa taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka ce, yaushe kuma da nawa za a iya ƙara haya, wane ne yake da alhakin gyara, ko an yarda a huda bango, mutum nawa aka amince su zauna, da sharuɗɗan mayar da kuɗin ajiya. Duk alƙawarin da aka yi maka da baki, na fenti ko na gyaran famfo, ka nemi a rubuta shi. Kada ka tura kuɗi domin ɗakin da ba ka shiga da ƙafarka ba, ko ga wanda bai nuna maka shaidar cewa yana da ikon bayar da shi ba. A ɓangaren tsohon gida kuma, ka duba wa'adin sanarwar fita da ke cikin yarjejeniyarka, ka ba da ita a rubuce, ka daidaita ranakun yadda haya biyu ba za ta haɗu maka fiye da mako ɗaya ba. 'Yan kwanakin nan na haɗuwa suna da amfani, domin za ka samu ka share sabon ɗaki ka kafa kantoci tun babu kaya a ciki.

Wajen motar kaya, ka nemi farashi daga wurare uku, ka gaya musu hawa na nawa ne da ko akwai lif, domin kada a ƙara maka kuɗi a bakin ƙofa. Ka rubuta abin da ke cikin kowane kwali a gefensa, ka sa manyan kaya su fara shiga ɗaki zuwa gurbin da zane ya ba su, domin idan kwalaye suka riga su cika tsakar ɗakin babu wurin juya gado. Kafin a shigar da komai, ka ɗauki hoto da bidiyon bango da ƙasa da banɗaki da duk wata ɓarna da ka tarar, ka ɗauki lambar da ke kan mita, ka tura wa mai gida a ranar domin kwanan wata ya zama shaida. Haka za ka yi a tsohon gida bayan ka kwashe ka share.

Akwai waɗanda nake ganin bai kamata su yi wannan ƙaura ba ko da lissafin kuɗi ya nuna riba: mai sana'ar da ke buƙatar kayan aiki masu yawa a gida, mutum biyu da lokutan barcinsu da aikinsu suka saɓa, da wanda lafiyarsa ba za ta jure hawa bene ko matsattsen banɗaki ba. Ga irin waɗannan, ɗaki da falo a unguwa mai sauƙin haya yakan fi dacewa.

Bayan ka zauna, saura ka tabbatar ragin da ka yi wahala dominsa bai narke cikin kashe-kashen yau da kullum ba. Ka umarci bankinka ya riƙa cire adadin da ka lissafa a ranar da albashi ya shigo, ya tura shi wani asusu daban, ko wajen biyan bashin da ya fi yawan ruwa. Ka kafa wa kanka ƙa'idar cewa duk sabon abin da zai shigo ɗakin sai wani irinsa ya fita. Idan wata uku ya cika, ka ɗauko takardar lissafin farko ka ajiye ta kusa da rasit ɗin watannin nan uku, ka bi layi-layi: haya, wuta, ruwa, wanki, abincin waje, zirga-zirga. Layin da ya haura abin da ka rubuta shi za ka fara gyarawa, sannan ka sake raba ragowar kuɗin tashin da ragin gaskiya da ka gani, ka rubuta sabon watan fansa a saman takardar.